Kwalbatin Gyaɗi-Gyaɗi da Kuɗin Tarauni

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ɗora wa shugabanni nauyin amana, Ya kuma ɗora wa mabiya nauyin nasiha. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, akwai wata al'ada da ta zauna daram a unguwanninmu har mun daina ganin ta abin tambaya. Da zarar damina ta kawo kai, sai a ga dattawan layi da 'yan kwamitin masallaci sun fito da littafi suna bi gida-gida ana karo-karo. Yau kuɗin yashe kwata, gobe kuɗin siminti da rodi na kwalbati, jibi kuɗin tifar ɓaraguzai da za a cike kududdufin da ya datse hanya. In rani ya yi kuma a koma kan famfon burtsatse da ya ƙone, ko taransifoma da ta buga. Masu wannan ɗawainiya Allah Ya saka musu da alheri, babu mai zarginsu. Amma akwai tambaya guda wadda littafin karo-karo ya rufe mata baki, ita ce muke so mu buɗe a yau: kuɗin da ake warewa kowane wata da sunan ƙaramar hukumar Tarauni domin waɗannan ayyuka, ina yake shiga?

ABIN DA DOKARSU TA CE

Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku da Hotoro wurare ne na bayan ganuwa da birni ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye su, sunan Ƙauyen Alu ma kaɗai ya isa shaida. Gonaki suka koma fulotai, burtali ya koma layi, gidaje suka tashi kafin a haƙa musu hanyar ruwa. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum dubu 220 a Tarauni, kuma kowa ya san yadda jama'a ta ƙaru tun daga lokacin. Mazaɓu 10 ne a ƙaramar hukumar, biyu daga ciki namu ne: Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu.

To, ba mu muka rubuta tsarin mulkin 1999 ba, amma su masu mulki da shi suka yi rantsuwa, saboda haka da shi za mu kafa musu hujja. Jadawali na huɗu na wannan kundi ya jera ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla. A ciki akwai ginawa da gyara hanyoyin unguwa, da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a da maƙabartu, da hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Ka duba wannan jeri ka duba littafin karo-karon layinku, za ka ga kusan kwafin juna ne.

Ba a kuma ɗora musu aikin hannu rabbana ba. Daga asusun tarayya da ake rabawa duk wata a Abuja, kashi 20.60 cikin ɗari na ƙananan hukumomi 774 ne, sa'annan suna da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai. Wahalar janye tallafin ta iso gidan kowa a makon farko, a kuɗin Adaidaita Sahu da farashin mudun masara. Ƙarin kason kuwa, wane ne a layinku zai nuna maka inda ya sauka?

ASUSUN HAƊIN GWIWA

A nan gizo ke saƙar. Sashe na 162 na kundin ya tanadi wani asusu da ake kira na haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, wanda kuɗin ke biyowa ta cikinsa kafin ya isa sakatariya. An yi shi ne a matsayin mashigi, gwamnoni suka mai da shi madatsa. Shekara da shekaru, a Kano da sauran jihohi, gwamnatin jiha ce ke yanke abin da za a cire da abin da za a saki, ta kuma ƙirƙiro ayyukan haɗin gwiwa da ba a shawarci mutanen unguwa a kansu ba. Titunan kilomita biyar-biyar da aka faro a ƙananan hukumomi a mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, misali ne da kowa ya sani: da yawansu sun yi shekaru a yashe bayan an tone ƙasa an rushe wa mutane gidaje da shaguna.

Wa zai ɗaga murya? Ciyaman? A zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da na Janairun 2021, jam'iyyar APC mai mulkin jiha a lokacin ce aka ce ta cinye kujeru 44 gaba ɗaya. A zaɓen 26 ga Oktoba, 2024, jam'iyyar NNPP mai mulkin jiha a lokacin ce aka ce ta cinye 44 ɗin, har da kujerun kansiloli 484. Jama'a, a jihar da ko limamin masallacin layi ba a cika haɗuwa a kansa ba, yaya za a ce an haɗu ɗari bisa ɗari har sau uku, kuma kullum a kan mai riƙe da gidan gwamnati? Wanda gwamna ya ɗora, gwamna yake tsoro. Saboda haka kada wani ya karanta wannan rubutu da tabarau na jam'iyya, domin cutar ba ta san launin hula ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aka yi ta murna a gidajen rediyo. Amma aka shekara cur, har tsakiyar 2025, ana ta jan ƙafa kan aiwatarwa, yau a ce sharuɗɗan buɗe asusu a Babban Banki, gobe a ce kwamiti yana zama. Kuma ko da kuɗin ya sauka kai tsaye a sakatariyar Unguwa Uku, in babu idon da ke kallonsa, an yi gudun gara ne an faɗa wa zago.

GADA A SAMA, KWATA A ƘASA

Za a ce mana ai ana aiki. Ga gadar Dangi nan a bakin unguwarmu, wadda aka yi zamanin Ganduje, ga ta shataletalen Hotoro da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Ba mu musanta amfaninsu ba, wanda ya san cunkoson titin Zariya a da ba zai raina su ba. Sai dai malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi a littafinsa Al-Muwafaƙat, sun kasa maslaha gida uku. Akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita. Akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci. Akwai kuma ƙawa, wadda ke ƙara kyau. Ƙa'idar ita ce ba a gabatar da ta ƙasa a kan ta sama. Ruwan sha mai tsabta da magudanar da ke raba yaro da sauro da amai da gudawa suna cikin kiyaye rai, wato larura tsantsa. Rage wa mai mota jinkirin minti goma, in an kyautata masa zato, buƙata ce.

Ka sauka daga kan gada ka shiga lungunan bayan titin Kotu a watan Agusta, ka ga ruwan kwata da na sama sun haɗu suna shiga zaure. Ka dubi 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki a jihar da ke da dam ɗin Tiga da matatar ruwa ta Tamburawa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana maƙwabtaka da mu, amma me ya fi: a kai yaro asibiti a ƙara masa ruwa, ko a gyara ruwan da ya sa shi gudawa? Dalilin fifita gada a fili yake. Gada tana shiga hoto, ana sa mata suna, kwangilarta babba ce. Kwalbatin lungu kuwa ba mai yanka masa zare.

Abin kunya ma shi ne an taɓa yi a nan garin. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, baitulmalin En'e ta Kano ce ta ɗauki nauyin aikin ruwan famfo da lantarki daga Chalawa, da kuɗin haraji da jangalin talakawa, ba da sisin man fetur ba. Ba muna yabon mulkin Nasara ba ne, kuma zaluncin karɓar harajin nan shi ya sa talakawa suka yi murna da Abubakar Rimi ya soke shi a 1979. Muna dai nuna cewa ƙaramar taska, in an tsare ta, tana iya shayar da birni.

SHUBUHOHI UKU DA AMSARSU

Shubuha ta farko: wai mu yi haƙuri mu ci gaba da karo-karo, ai sadaka mai gudana ce. Haƙiƙa sadaka ce, kuma mai yin ta da ikhlasi yana da lada. Amma sadakar wani ba ta sauke wajibin da ke wuyan wani. In maƙwabta suka ciyar da iyalin mutumin da ke da hali ya ƙi ciyarwa, sun sami lada, shi kuwa haƙƙin yana nan a kansa, kuma alƙali zai tilasta shi. Talakan Gyaɗi-Gyaɗi yana biya sau biyu: an karɓi kaso da sunansa a Abuja, an kuma karɓi na aljihunsa a ƙofar gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wa'azin haƙuri da ake yi wa wanda aka zalunta kaɗai, ba a taɓa juyawa ga mai riƙe da haƙƙin, rabin wa'azi ne.

Shubuha ta biyu: wai tambayar shugaba lissafi rashin ladabi ne ko neman fitina. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kasance yana rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, in ya ga dukiyarsa ta haɓaka ba dalili sai ya raba ta, ya mayar da kaso baitulmali, alhali gwamnonin nan sahabbai ne. A ƙasarmu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni da gina gadoji cikin abin da ya wajaba a kan shugaba. In an binciki sahabbai, wane ne ciyaman ko kwamishina da zai ce ya fi ƙarfin tambaya? Fitina ita ce ƙona taya da jifa, mu kuwa takarda muke nema a nuna mana.

Shubuha ta uku: wai kuɗin ba ya isa, albashi ke cinye shi. Wannan tana da ƙamshin gaskiya. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho, da kason masarauta, duk daga nan ake cirewa, kuma kaso ne mai tsoka. To, madalla. A rubuta mana: ga abin da ya shigo, ga abin da aka cire, ga ragowa. A haɗa da abin da ake tarawa kullum a tashar Unguwa Uku da kasuwar Tarauni da 'Yan Awaki da shagunan bakin titi, a faɗi wace hukuma ke karɓa. In lissafi ya nuna babu ragowa, za mu ɗauki littafin karo-karo da zuciya ɗaya. Mai gaskiya ba ya gudun ƙidaya.

Daga waɗannan shubuhohi ne wata mummunar ɗabi'a ta tsiro, wato ɗan siyasa ya haƙa burtsatse da kuɗin hukuma, ya kafa allo da sunansa da hotonsa, dattawa su yi layi suna godiya kamar ya yanko daga gadon ubansa. Wanda aka ba ajiya ya mayar da kaɗan daga cikinta, ana ce masa sannu, amma ana kuma tambayarsa sauran.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na ɗaya, a san adadin. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma, kuma duk matashin da ke da waya da intanet zai iya ciro na Tarauni. A rubuta shi da manyan baƙaƙe a manna inda jama'a ke taruwa.

Na biyu, kowace mazaɓa ta tashi wakilai masu hankali da sanin lissafi, su sami kansila su nemi kwafin kasafin kuɗin shekara, su ga layukansu nawa ne a ciki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar nema a rubuce. A rubuta, a sa hannu, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

Na uku, kafin a buɗe littafin karo-karo kan kowane aiki, a fara kai buƙatar a rubuce ga sakatariya. In suka ƙi, a yi aikin, amma a karanta wa jama'a ranar da aka rubuta da amsar da aka samu, domin a tuna ranar da za su dawo neman ƙuri'a.

Na huɗu, mai neman lissafi ya fara da nasa. Kwamitin unguwa ya riƙa bayyana abin da ya tara da abin da ya kashe, har kuɗin ƙusa. Mai juye shara a kwata in ya ga hadari, da mai hali da ya ja katangarsa ta hau hanyar ruwa, a gaya musu gaskiya ko su wane ne, domin cutar da maƙwabci haramun ce ko daga ofis ta fito ko daga gidan kusa.

Ga masu riƙe da wannan dukiya, daga kansila har gwamna, nasiharmu gajeriya ce. Kuɗin nan akwai haƙƙin maraya a ciki, da na tsohuwar da ruwa ya kayar wa ɗaki, da na jaririn da zazzaɓi ya ɗauke. Mai binciken kuɗi na gwamnati ana iya rufe masa baki, amma akwai ranar da baki zai rufe gaɓoɓi su yi magana. Ku fito da lissafi tun ana iya gyarawa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya shiryi shugabanninmu, Ya kuma tsare mu daga cin amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.