Dodon Aji Ɗaya: Laifin Malamin Fiziks ne ko na Hadda?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai murna ta ɓarke a gidaje da dama na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa. Yaro ko yarinya ya samu gurbin karatun likita, ko injiniya, ko haɗa magunguna, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004. To amma kafin ɗalibin nan ya san hanyar ɗakin lacca, yayyensa na aji biyu da aji uku sun riga sun kira shi gefe sun yi masa huɗuba. Abin da suke gaya masa ba ya wuce cewa ya yi hattara da darasin fiziks na shekarar farko. Wane malami mugu ne, ba ya bayar da maki. Wane kuwa mutumin kirki ne, abin da ya rubuta a allo shi yake kawowa a jarrabawa. Haka sabon ɗalibi yake shiga aji da hukuncin da wasu suka yanke masa, tun bai ji kalma ɗaya daga bakin malamin ba.

Wannan al'amari ya cancanci a dube shi da kyau, domin abin da ke cikinsa ba ƙarami ba ne. Duk mai son karanta likitanci, ko injiniyanci, ko kimiyyar halittu, ko aikin gona, sai ya bi ta wannan ƙofa. Faɗuwa a darasin na nufin maimaita shi a shekara mai zuwa, a wasu tsangayoyin ma tana nufin rabuwa da karatun likita baki ɗaya. Ga iyalin da mahaifinsu ya rasa aiki tun da masaƙu suka rufe, shekara guda ta ƙarin kuɗin makaranta ba abin wasa ba ce.

Shaidar da ɗalibi zai iya bayarwa

Gaskiya ce, ba duk koke-koken ɗalibai ne na banza ba. Akwai abubuwan da babu wanda ya fi ɗalibi cancantar ba da shaida a kansu. Shi ya san ko malami yana zuwa aji a kan lokaci. Shi ya san ko ana jin muryar malamin a kujerun baya na ɗakin da ya ɗauki ɗaruruwan mutane, musamman idan wuta ta ɗauke lasifika ta mutu. Shi ya san ko an dawo masa da takardar gwajinsa ya ga inda ya yi kuskure, ko an tilasta masa sayen takardun lacca, ko an yarfa shi a gaban jama'a don ya yi tambaya. Malamin da ya wulaƙanta mai tambaya sau ɗaya ya rufe bakin ajin duka har ƙarshen zango. A irin waɗannan abubuwa wajibi ne hukumomin jami'a su saurari ɗalibai, su kuma ɗauki mataki.

Sai dai akwai tambaya guda wadda ɗalibi ba ya iya amsa ta daidai a lokacin da yake cikin ajin, ita ce: a hannun wane malami ya fi koyo? A nan ne huɗubar yayye take ɓatar da ƙanne. An yi bincike a kan haka. A 2019 wasu malaman fiziks na Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Louis Deslauriers, suka raba ɗaliban shekarar farko gida biyu. Rukuni ɗaya aka yi musu lacca mai daɗi, tsararriya, suna saurare. Ɗaya rukunin kuwa aka sa su fafata da tambayoyi da kansu kafin a yi musu bayani, daga baya aka sauya musu. Da aka tambaye su, ɗaliban suka ce sun fi ƙaruwa a lacca mai daɗin. Da aka gwada su, sai makin darasin da suka sha wahala a cikinsa ya fi yawa. Kafin wannan, a 2010, Scott Carrell da James West sun duba sakamakon ɗaliban Makarantar Horar da Hafsoshin Sojan Sama ta Amurka, inda ba ɗalibi ne yake zaɓen malaminsa ba. Suka gano cewa malaman lissafin da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar farko, suka kuma fi shan yabo, ɗalibansu sun fi rauni a darussan da suka biyo baya. Ke nan daɗin lacca daban, ƙaruwa daban.

Inda gizo yake saƙar

Me ya sa ɗalibin da ya fito da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma ci JAMB, yake zuwa ya durƙushe a aji ɗaya? Amsar tana cikin irin shirin da aka yi masa. Ya haddace dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687, yana iya rera su ba gargada. Ya haddace ƙa'idojin lissafi, ya san inda ake saka kowace lamba. Amma a can cikin zuciyarsa akwai wata tsohuwar fahimta da ya taso da ita tun yarinta, wadda haddar ba ta taɓa ba.

Ga misali. Tirela ta yi karo da Keke Napep a kan titin Kachia. Wanne ya bugi ɗan'uwansa da ƙarfi mafi yawa? Kusan kowa zai ce tirela. Amma dokar Newton ta uku, wadda ɗalibin ya haddace, cewa ta yi ƙarfin da tirela ta bugi keken da shi daidai yake da wanda keken ya bugi tirela da shi. Abin da ya bambanta shi ne illar bugun, domin ƙarfi guda yana jefar da abu marar nauyi nesa, alhali da ƙyar yake girgiza mai nauyi. Ga wani kuma. An cilla dutse sama, ya rabu da hannu. Wane ƙarfi ne yake aiki a kansa yana hawa? Da yawa za su ce ƙarfin hannu yana biye da shi, yana ƙarewa a hankali. Alhali tun daga lokacin da ya bar hannu, in aka ajiye gogayyar iska a gefe, babu abin da ke aiki a kansa sai jan da ƙasa take yi masa, wanda yake rage saurinsa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa.

Wannan ciwo ba na ɗan Kakuri kaɗai ba ne. A 1985 Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona suka nuna cewa ɗalibai suna gama darasin fiziks na farko da irin waɗannan tsofaffin fahimtoci kusan yadda suka shiga da su. A 1992 Hestenes da abokan aikinsa suka fitar da wani gwaji na tambayoyi kimanin 30, babu lissafi a ciki, sai tunani kawai. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard wanda ɗalibai suke yabo ƙwarai, ya gwada ajinsa da irin waɗannan tambayoyi a 1990. Ya ba da labarin cewa ana cikin gwajin wata ɗaliba ta tambaye shi ko ta amsa yadda ya koyar da su, ko kuwa yadda ita take ganin abin. Daga nan ya gane cewa a kan ɗaliban nasa akwai fiziks iri biyu, na jarrabawa da na rayuwa, kuma ba sa ga maciji da juna.

Saboda haka malamin da ake kira mugu, sau da yawa laifinsa shi ne ya juya tambaya ta yadda hadda ba za ta amsa ta ba. Wanda ake kira mutumin kirki kuwa, wani lokaci kirkinsa bai wuce barin ɗalibi da ciwonsa ba, sai ya je aji uku ciwon ya tashi.

Magani ga manyan azuzuwa

Wani zai ce malamin da ke gaban ɗalibai 500, babu kayan gwaji, ga zango a takure bayan yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022, me zai iya in ban da lacca? Uzurin yana da ƙarfi, amma bai rufe ƙofa ba. Hanyar da Mazur ya fara bi a 1991 an tsara ta ne domin manyan azuzuwa, kuma ba ta bukatar lantarki. Malami ya yi bayani na ɗan lokaci, sai ya jefa tambaya guda mai amsoshi huɗu. Kowa ya yi tunani shi kaɗai ya nuna amsarsa da yatsu. In kai ya rabu, sai kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi na minti biyu, sannan a sake nunawa. Ɗalibin da ya gane abin minti biyar da suka wuce yakan fi farfesa iya bayyana shi, domin bai manta inda wahalar take ba.

A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 daga azuzuwa 62. A azuzuwan lacca zalla, ɗalibai sun cike kashi 23 cikin ɗari ne kawai na giɓin fahimtar da suka shigo da shi. A azuzuwan da ake sa su tunani da muhawara, sun cike kashi 48. A 2014 kuma Scott Freeman, masanin kimiyyar halittu, da abokan aikinsa suka haɗa bincike 225 na darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka samu cewa masu faɗuwa sun kai kashi 33.8 cikin ɗari a lacca zalla, amma kashi 21.8 ne a ɗaya hanyar. An yi waɗannan bincike ne galibi a Amurka, ya kuma kamata jami'o'in Arewa su auna nasu ɗaliban da kansu. Gwajin bai fi ƙarfin takarda da alƙalami ba.

Aikin makarantun sakandare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin aji ɗaya na jami'a a babbar sakandare yake farawa, kuma malamin fiziks na Kakuri yana da abin da malamai da yawa ba su da shi. Unguwar ita kanta ɗakin gwaji ce. A nan masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, a nan aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, a nan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, amma mutanen da suka sarrafa injinan nan da yawansu suna raye, wasu kakannin ɗaliban ne. Tsohon ma'aikacin da ya shekara 20 yana ɗaure bel a kan ƙafar inji ya san dalilin da ƙaramar ƙafa take fin babba saurin juyawa. Makaniken bakin titi ya san abin da ya sa ake ƙara wa sifana tsawo da bututu in noti ya ƙi kwancewa. Walda da faci da gyaran janareto duk fiziks ne da ba a sa masa suna ba. Malamin da ya kai ajinsa garejin makanike na awa ɗaya, ya dawo ya ɗora ƙa'ida a kan abin da suka gani, ya yi musu abin da hadda ba za ta yi ba.

Rashin kayan gwaji ma ba ya hana komai. A samu zare mai tsawon mita ɗaya, a ɗaura masa noti, a rataye shi, a kaɗa shi kaɗan. Zai yi lilo, zuwa da dawowa, sau 20 cikin daƙiƙa 40, wato daƙiƙa biyu kowane zagaye. A tambayi ɗalibai me zai faru in aka sa noti mai nauyi ninki biyu, su faɗi hasashensu tukuna, sannan a gwada. Lokacin ba zai canza ba. A rage zaren zuwa santimita 25, sai zagayen ya koma daƙiƙa ɗaya. Da waɗannan lambobi ɗalibi zai fitar da lamba mai kusa da 9.8 ɗin nan da ya daɗe yana haddacewa, da hannunsa. Gani ya kori ji.

Akwai kuma ma'auni mai sauƙi na gane hadda. A ce wa ɗalibi ya bayyana dokar da Hausa, ko da harshen gidansu, yadda ƙanensa zai fahimta. Wanda ya iya bayyana dalilin da fasinja yake tuntsurawa gaba in direba ya taka birki, ya san dokar Newton ta ɗaya. Wanda ya iya nuna cewa motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana bukatar tazarar birki ninki huɗu na mai gudun 50, ya san ma'anar kuzarin motsi, ya kuma san abin da zai iya ceton ransa a hanyar Abuja.

Ga ɗalibin kimiyyar halittu da ke ganin an ɗora masa fiziks ne don a wahalar da shi, ya tuna cewa awon hawan jini, da tabarau, da hoton ƙashi, da na'urar duba ciki, duk a kan fiziks suka tsaya. Francis Crick, ɗaya daga waɗanda suka gano siffar DNA a 1953, fiziks ya fara karantawa, kuma hotunan hasken X na Rosalind Franklin ne suka haska musu hanya.

Shawarar da ta dace da mai shirin shiga jami'a ita ce, in yayyensa sun kira shi huɗuba, ya tambaye su ko malamin yana zuwa aji, ko yana amsa tambaya, ko yana dawo da takardun gwaji. Waɗannan ya riƙe su. Batun wuya ko sauƙin jarrabawarsa kuwa, ya ajiye shi sai ya gani da idonsa. Ya karanta babin kafin lacca, ya nemi abokai uku ko huɗu da za su riƙa musu a kan tambayoyi, ya zana hoton kowace matsala kafin ya nemi ƙa'idar da zai saka lamba a ciki. In ya ji kansa ya ɗaure a tsakiyar darasi, kada ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza. Yawanci a daidai wannan lokaci ne tsohuwar fahimta take karo da sabuwa, kuma sai an bi ta nan ake koyo.