Kafin Ka Sayi Safar Hannun Babur, Juya Ka Dubi Tafinta

A farkon hunturun bara ina dawowa daga Wurno, inda na je tattaunawa da manoman albasa da tafarnuwa, sai wata jar akuya ta yanko titi gab da shiga Achida. Ba wani gudu nake yi ba. Na damƙe burkin gaba, taya ta hau yashin da iska ta tara a bakin kwalta, sai ga ni a ƙasa. Da hular kwano a kaina, don haka kai lafiya. Babur ɗin madubi ɗaya kawai ya rasa. Akuyar kuwa ko waiwaye ba ta yi ba.

Tafin hannuna na dama ne ya ji jiki. Fata ta saɓule tun daga gindin babban yatsa har zuwa wuyan hannu, tsakuwa ta shige cikin nama, sai da ma'aikacin jinya ya zauna yana tsince ta ɗaya bayan ɗaya ina cije leɓe. Mako uku ban riƙe biro ba. Tuwo sai da cokali, alwala sai shafa a kan bandeji, gaisawa da mutane sai dai in ɗaga hannu daga nesa. Ni ba ɗan albashi ba ne, sai na rubuta ake biya na, don haka cefanen makonnin nan uku duk da bashi aka yi shi.

A zaman jinyar ne na shiga binciken safar hannun hawa babur, na karanta, na tambaya, daga baya na saya. Abin da na fahimta shi ne, mai hawa babur a Wurno da Rabah da Goronyo yana buƙatar safar hannu ta gaske, amma wadda ta fi tsada a kasuwar duniya ba don shi aka ɗinka ta ba, wadda ya fi gani a kasuwarmu kuma ba ta kare komai sai sanyi.

Duk wanda zai faɗi, hannu yake fara miƙawa, ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, da wannan saurin ne tafin hannunsa zai gogi kwalta ko burji. Ka duba su wa ke kan babur a wannan yanki: ɗan kabu-kabu, malamin firamare da ke koyarwa a ƙauye, ma'aikaciyar lafiya da aka goya zuwa rigakafi, manomin rani da ya ɗaure injin ban ruwa zai gangara fadamar da madatsar ruwa ta Goronyo ke shayarwa, ɗan kasuwa mai buhu biyu na albasa a baya. Kowannensu da hannu yake neman abinci. Mai ciwon ƙafa yana iya zama a shago ya yi ciniki, amma manomin da tafinsa ya saɓule a tsakiyar dashen albasa sai dai ya biya wani ya yi masa.

Da sanyi ya shigo za ka ga kowa da safar hannu: ta ulu, ko irin ta leburorin gini mai ɗigon roba, ko mai yankakkun yatsu irin ta 'yan ɗaga ƙarfe. Na taɓa ganin wanda ya zura safar ƙafa. Ba na raina dabara, yatsun da suka sandare da sanyin asuba ba sa kama burki da wuri. Sai dai ulu yana taɓa kwalta ya yage, wani lokaci ma zarensa ya manne a cikin rauni ya ƙara wa mai wanke ciwo aiki. Watan Maris na kamawa kuma sai a jefa su a akwati, a koma hannu tsirara har shekara ta zagayo.

A ɗaya gefen akwai manyan kamfanoni irin su Alpinestars da Dainese na Italiya, da Held na Jamus. Safar hannunsu ta tsere tana kai dala 200 zuwa sama, kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau uku. An yi ta ne don wanda zai faɗi yana gudun da ya haura kilomita 200 a filin tsere, da dogon wuya da ke hawa kan rigar fata. Wasu kuma na ƙasashen sanyi ne, masu shafi a ciki don hana ruwa da iska shiga. Ka sa irin wannan a Goronyo cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin ka yi nisa hannunka ya jiƙe sharkaf, ka cire ka cusa a aljihu, ranar da za ka faɗi kuma tana can cikin aljihun. Ga jabu ya cika shagunan intanet: sunan kamfani ɓaro-ɓaro a baya, roba mai ƙyalli a kan gaɓoɓin yatsu, tafin kuwa ledar da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Kuskuren da yawancinmu ke yi ke nan, muna sayen bayan safar ne. Ƙahonnin robar nan da ke kan gaɓoɓi su ke jan ido, su ke sa yaro ya ji shi jarumin fim ne. Suna da ranarsu idan bayan hannu ya bugi wani abu, amma a irin faɗuwar da ta fi yawa a hanyoyinmu, ta yashi da rami da dabba, tafi ne ke isa ƙasa. Don haka da ka ɗauki safa, juya ta.

Tafin ya zama fata ta gaske, ta akuya ko ta saniya, kuma a gindinsa, can wajen da ƙaramin yatsa yake, a samu ninki na biyu. Masu kyau suna da wani ɗan faifai mai tauri da santsi a wurin. Aikinsa shi ne ya sa hannu ya zame a kan titi. Idan tafi ya cije a wuri ɗaya alhali jiki na ci gaba da tafiya, wuyan hannu ne ke lanƙwashewa, akwai kuma wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da ke yawan karyewa ta haka. Ƙashin nan jini ba ya isar masa sosai, shi ya sa yake daɗewa bai haɗe ba, mutum kuma yakan ɗauka targaɗe ne ya yi ta shan matsa wurin mai ɗori har abin ya lalace. Wanda ya faɗi a kan tafi, ciwo a gindin babban yatsa ya ƙi tafiya, hoton ƙashi ya kamace shi, ko da sai ya je Sakkwato ko asibitin ƙashi na Wamakko.

Bayan tafi sai maɗauri. Ka sa safar, ka ɗaure wuyanta, ka ce wa mai shago ya kama yatsun ya ja da ƙarfi. In ta zare, ajiye masa kayansa, domin kwalta ta fi shi ƙarfin ja. Roba mai talewa kaɗai ba ta isa ba, sai da maɗauri a daidai wuyan hannu. Ka kuma buɗa ɗinkin da yatsunka ka gani: a tafi da gefen ƙaramin yatsa ya zama layi biyu, zaren kuma kada ya nuna alamar saki. Sau da yawa fata na da sauran ƙarfi, ɗinki ne ke fara budewa.

Kada ka saya ba ka gwada a kan babur ba. Ka riƙe totur, ka ja kuloci, ka danna ham. In yatsu sun yi tsawo suna naɗewa, ko fata ta tattare a tafi, za ta hana ka jin burki. Fata tana ɗan saki da amfani, don haka gara ta ɗan kama ka a ranar farko. Saboda zafinmu, nemi gajera mai ƙananan huji a baya ko mai raga tsakanin yatsu, launinta mai haske in an samu. Baƙa tana shan rana.

Akwai kuma tambari. Turai na da ma'aunin gwajin safar hannun babur mai lamba EN 13594, ana ɗinka alamarsa a ciki: hoton mutum a kan babur da lamba 1 ko 2. A mataki na 1 dole tafin ya jure gugar injin gwaji na aƙalla daƙiƙa 4 kafin ya huje, a mataki na 2 daƙiƙa 8. In ka ga haruffan KP, an gwada kariyar gaɓoɓin yatsu ke nan. Ga mai Bajaj Boxer da ke zirga-zirga tsakanin Gandi da Rabah, mataki na 1 na gaskiya ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na 'yan tsere ba. Amma masu jabu su ma sun iya buga tambari, don haka idonka da hannunka su ne alƙalai. Tawa a gwanjo na same ta, ta ɗan sha jiki amma ɗinkinta garau. In za ka bi wannan hanya, ka lanƙwasa fatar ka gani, wadda ta bushe tana tsagewa ta gama aiki.

Ban ce safa laya ba ce. Wani bincike da Liz de Rome da abokan aikinta suka wallafa a 2011, kan mahaya babur 212 da suka yi hatsari a Ostireliya, ya nuna masu sanye da kayan kariya sun fi tsira daga yankewa da ƙujewa da kwanciya asibiti, amma bai ga shaidar cewa kayan na rage karaya ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na safar hannun da aka faɗi da su sun yage. Wanda kuɗinsa bai kai na abu biyu ba, hular kwano zai fara saya, wannan ba abin musu ba ne.

Ba kuma doka nake nema ba. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano: wasu suka kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti, aka yi dariya, bayan ɗan lokaci kowa ya koma gidan jiya. In aka ce dole sai da safar hannu, ta ulu za a saya don a wuce shinge, a kuma samu sabuwar ƙofar karɓar na goro. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu sun fi kowace hukuma sanin yadda za su yi wa 'ya'yansu magana. Da za su haɗa kuɗi su yi sari da yawa, mutum ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi, farashi zai sauko.

Wani abokina ɗan Goronyo ya kawo mini uzurin da ban iya turewa gaba ɗaya ba. Ya ce a yankin da 'yan bindiga suka mayar da babur abin tsoro, wanda ya tunkaro ƙauye ko shingen jami'an tsaro fuska a rufe, hannu baƙi ƙirin, kallon da za a yi masa daban ne. Gaskiya ya faɗa. Mutanen da suka ga abin da aka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba za a ce musu kada su tsargu da baƙon mahayi ba. Abin da nake yi shi ne in rage gudu tun daga nesa, in ɗaga gilashin hula, in yi sallama da ƙarfi. Safata ruwan ƙasa ce. In zan gaisa da mutum kuma sai na cire, domin miƙa wa dattijo hannu a cikin safa rashin ladabi ne ko a ina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akuyar nan. Fatar akuya na cikin waɗanda kamfanonin waje ke zaɓa don tafin safarsu, saboda ga laushi ga juriya ko da ba ta yi kauri ba. Jar akuyar Sakkwato kuwa, da 'yar'uwarta ta Maraɗi, fatarsu ta yi suna a duniya tun zamanin da ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa na sayen ta a hannun 'yan Maroko suna kiran ta fatar Maroko. Har yau ana tara fatun nan daga kasuwanninmu a kai masana'antun jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa, daga can a fitar da su waje. Birnin Sialkot na Pakistan ya shahara da ɗinka safar hannu iri-iri yana sayar wa duniya. Mu da muke kiwon akuyar, jaka da takalmi da tum-tum muka tsaya a kai.

Na san ba kowace fata ce za ta yi ba. Wadda aka jeme da bagaruwa don jaka tana iya ƙandarewa in ta sha gumi, zaren takalmi kuma ba lallai ya jure gugar kwalta ba. Nan ne Cibiyar Fasahar Fata ta Ƙasa da ke Samaru, Zariya, take da aikin yi: ta fitar da samfuri ɗaya mai sauƙi, gajere, mai ninki a tafi da maɗauri a wuya, ta gwada shi da inji, ta koya wa dukawan Sakkwato. Masu saye suna nan a kowace tashar kabu-kabu daga Achida har Sabon Birni.

Kwanakin baya na kai tawa wurin wani dattijon baduku a cikin gari. Ya juya ta ciki da waje, ya murza tafin da babban yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Malam, fatar nan ai mun san ta. Zaren ne da wannan faifan na gindin tafi ba mu da su." Na ce in na samo zaren fa? Ya auna hannuna a kan kwali da biro, ya ce in bar masa ta hagu ya kwance ya ga yadda aka yanka ta, in dawo bayan Sallah.