Ƙusa Kaɗai Ba Ta Riƙe Tebur

Yara, ku taɓa teburin da ke gaban ajinku. In ya yi rawa, kada ku ce tsufa ne, aikin ne bai yi kyau ba tun farko.

A ganina, yaron da ke koyon kafinta a Sabon Birni ko Kabo bai kamata ya dogara ga ƙusa ba. Buga ta ba wuya, amma kwana kaɗan sai ta yi sako-sako. Gwamma ya huda rami a jikin ƙafar teburin, ya fere bakin katakon da zai haɗa ƙafafun, ya shafa gam, ya cusa shi har ya matse sosai.

Sa'an nan ya lura da katakon kansa. Maɗaci yana da ƙarfi, rimi kuwa taushi gare shi, abincin gara ne. Wanda ake kawowa daga Kudu zuwa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano wani lokaci da sauran ɗanyensa. In ba a shanya shi a inuwa ba, da hunturu ya busa sai ya tsuke, ya tsage.

Wani zai ce ai mai saye ba ya jira. Haka ne. Amma in teburin ya karye kafin damina ta kewayo, wurin wani kafinta zai nufa a Gwarzo.