Samarinmu Na Kurmi Da Koyon Kiɗan Jita: Sana'a Ce Ko Shiririta?

Daga Wakilinmu Na Arewa, Kano

A hunturun da ya wuce wani ɗan yayata da ke zaune a Agege ta Ikko ya zo ganin gida, ya sauka a tasha rataye da jita sabuwa ful, wadda ya ce wata huɗu ya yi yana tara kuɗinta. Bai cika mako uku a Kano ba sai ga fuskar jitar ta tsage, wuyanta kuma ya kantare. Uwarsa ta ce alhakinta ne, domin dama ba da yardarta aka saya ba. Ni kuwa na ce hunturu ne, da kuma rashin mai ba shi shawara tun daga ranar da ya shiga kasuwa.

Abin da ya sa na kawo wannan magana a wannan fili shi ne, yaron nan ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke zagaya zangunanmu na Kurmi, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun da Shagamu, ya san samari sun fara waiwayar sana'o'in da iyayensu ba su san da su ba. Dalili kuwa a fili yake. Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a watan Fabrairu na 2020, ta kuma sake tsananta hanin a watan Yuni na 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Yaranmu da yawa da babur ne abincinsu suka wayi gari ba abin yi. Waɗansu sun koma gida, waɗansu sun kama dako ko gadi, waɗansu kuma suka shiga neman abin da za su koya da hannunsu. A cikin waɗannan na ƙarshe ne ake samun masu sha'awar jita.

To, tambayar da iyaye ke yi ita ce, shin wannan abu sana'a ce ko kuwa hanyar lalacewa? Amsar da zan bayar ita ce, sana'a ce ga wanda ya ɗauke ta sana'a, kuma akwai gurbin da ke jiransa a nan gida Arewa. Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma su ne zan bi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko bari mu dubi halin da kiɗa ke ciki a nan Arewa. Mu Hausawa ba baƙin tsirkiya ba ne. Muna da garaya ta mafarauta, da molo mai tsirkiya uku, da gurmi mai biyu, da goge da kukuma. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zagaya duniya. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna. Amma tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, sai fiyano ta cinye kasuwar. Mutum ɗaya zai zauna a ɗakin ɗaukar waƙa ya latsa, sai ga ganga, ga algaita, ga goge, duk daga cikin na'ura ɗaya. Abin ya zo da sauƙi da araha, amma ya bar mu da giɓi: mawaƙa sun yi yawa, masu kaɗa tsirkiya da yatsunsu kuwa sai an tona. Ga abin da nake gani a Kano da Kaduna, idan aka tashi taron da ake son kiɗa na ido da ido, neman mai jita ƙwararre da ke jin Hausa aiki ne babba.

A Kudu kuwa labarin daban ne. Jita ta daɗe da zama 'yar gida. Victor Uwaifo na Binin, wanda ya fitar da Joromi a 1965, ya kai har kujerar kwamishina a Jihar Edo, ya kuma koyar a jami'a kafin rasuwarsa a 2021. King Sunny Ade ya fitar da kiɗan juju zuwa Turai da Amurka da faifansa na 1982. A ƙasar Ibo an yi Oliver De Coque. Saboda haka malaman jita ba su da wuyar samu a Ikko ko Badun ko Anaca, kuma akwai makarantu na sosai, kamar ta ƙungiyar MUSON da ke Onikan, da kwalejin kiɗa ta Peter King da ke wajen Badagiri. Watau ke nan malamai suna Kudu, gurbin aiki yana Arewa, ɗan ci-rani kuwa shi ne ke da ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can.

Wanda yake shakkar cewa kiɗanmu zai hau jita, to ya leƙa maƙwabta. Ali Farka Ture na ƙasar Mali da 'yar molonsu mai tsirkiya ɗaya ya fara, daga baya ya kwashe kiɗan garinsu ya ɗora a kan jita, faifansa na 1994 ya ci lambar Grammy ta Amurka. A Jamhuriyar Nijar akwai Bombino na Agadas, wanda aka sa faifansa na 2018 cikin masu takarar wannan lamba. Akwai kuma Mdou Moctar, wanda gidansu ba su so ya yi kiɗa ba, har ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Mutanen nan ba kwaikwayon Turawa ya fitar da su ba. Abin gidansu suka riƙe, jita ta zame musu abin hawa kawai. Yawancin kiɗan tsirkiya na ƙasar Hausa a kan muryoyi biyar yake tafiya, kamar nasu, don haka ɗora kiɗan gurmi a kan jita ba abu ne mai nisa ba.

Yanzu sai batun saye, inda a nan ne akasarin yara ke yin asara. Kusan duk jitar da ke kasuwa daga waje ake shigo da ita. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 sai da ta haura naira 1,500. Duk kayan da ke ƙetaro teku sun bi ta. Saboda haka kuskuren saye ba ƙaramar hasara ba ce ga mai neman na tuwo.

Jita iri uku ce. Akwai mai tsirkiyar roba, wadda ba ta cin yatsa sosai, wuyanta kuma da faɗi. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fi amo amma tana gasa wa sabon hannu. Sai ta lantarki, wadda ba ta da murya sai an haɗa ta da akwatin ƙara sauti, shi kuma sai da wuta. Wanda yake kwana mutum biyar a ɗaki ɗaya, wuta kuma sai an ga dama, ba shi da haɗi da ta lantarki a matakin farko. Ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun farko. Idan kiɗan gurmi da molo yake hari, mai ƙarfe ta fi kusa da amonsu. Idan kuwa yana tsoron zafin yatsa ya sa shi gudu, ya ɗauki mai roba. Amma kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta roba, domin jan ƙarfe ya fi ƙarfinta, zai ɓamɓare katakon da ke riƙe da tsirkiya, ko ya lanƙwasa wuya. Yaro ƙarami kuma a nema masa ƙaramar jita daidai hannunsa.

In an shiga kasuwa, ko Alaba ce ko wata, kada a tafi sai da wanda ya iya kaɗawa, ko da za a biya shi ladan wuni. Abubuwa biyar za a duba. Na ɗaya, a ɗaga jitar a hangi wuyanta daga kai zuwa gindi kamar mai duba sandar gora, a tabbata bai karkace ba. Na biyu, a dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan da aka gicciya a wuya. A kan ƙarfe na 12 kada ta wuce kamar milimita 3 ga mai tsirkiyar ƙarfe, ko 4 ga mai roba. In ta yi nisa, danna ta azaba ce, kuma wannan ne ke korar yara da yawa, su ɗauka su ne ba su da baiwa, alhali kayan ne ba kyau. Na uku, a kaɗa kowace tsirkiya a sake, sa'an nan a danna ta a ƙarfe na 12 a sake kaɗawa. Muryar ta zama ɗaya, sai dai ta biyun ta fi siranta. In sun saɓa, jitar ba za ta taɓa daidaituwa ba. Na huɗu, a murɗa kunnuwa shidan nan a ji ko suna riƙewa. Na biyar, a duba katakon da ke riƙe da tsirkiya a ciki, kada a ga ya fara ɗagowa.

Kada a ruɗu da fenti ko da sunan da aka manna a kai. Kamfanin Yamaha yana da C40 mai roba da F310 mai ƙarfe, waɗanda aka san su a duniya a matsayin na masu koyo, amma duk abin da ya yi suna ana buga jabunsa. Tsohuwar jita mai lafiya ta fi sabuwa mai ƙyalƙyali wadda ba ta riƙe murya. Kuma a bar canji a aljihu na jaka da tsirkiyar ko-ta-kwana.

Sai abin da ya ci ɗan yayata. Katako yana shan danshi yana kuma fitarwa. Jitar da ta zauna a iskar Ikko mai laima, in aka kawo ta Kano tsakiyar hunturu, katakon zai bushe farat ɗaya ya tsuke, sai tsagewa. Maganin abin shi ne a sassauta tsirkiya kafin a hau mota, kada a ɗora ta a kan kaya cikin rana, in an iso kuma a riƙa ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. A Kurmi kuwa tsatsa ce abokiyar gaba, sai a riƙa goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane kaɗi.

Game da koyo, gara minti 20 ko 30 kullum da awa biyar ranar Lahadi kaɗai. Yatsu za su yi zafi na makonni kaɗan kafin su yi kanta, wannan ba ciwo ba ne. Wayar hannu tana da amfani wajen daidaita murya da kallon darussa, amma ba za ta kama hannunka ta gyara maka riƙo ba. A nemi malami, a yi ciniki a kan wata ɗaya tukuna, kada a biya kuɗin wata shida gaba ɗaya. Malamin da bai fara koya maka yadda ake daidaita tsirkiya da kanka ba, yana so ne ka dawwama a hannunsa. In kuma ka samu hannu, ka nemo faifan Haruna Uji ko na Ɗan Maraya ka riƙa bin su da kunne, domin wannan ne malaminka na Kudu ba zai iya ba ka ba, kuma shi ne jarinka.

Ban manta da damuwar iyaye ba, kuma ba raina ta nake yi ba. A al'adarmu ana haɗa kiɗa da roƙo, kuma gidaje da yawa ba sa son a kira ɗansu maroƙi. Malamai ma sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, waɗansu sun hana, waɗansu sun sassauta da sharaɗi, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Sa'an nan gaskiya ce cewa wuraren da aka fi biyan makaɗa a Kudu su ne otal-otal da gidajen rawa da majami'u, inda yaro Musulmi zai iya samun kansa cikin tsaka mai wuya. Abin da zan ce wa iyaye da sarakunan Hausawa na zanguna shi ne, hani tsagwaronsa ba ya kashe sha'awa, ɓoye ta kawai yake sa a yi. Yaron da aka san malaminsa, aka san inda yake zuwa da lokacin da yake dawowa, ya fi wanda ke ajiye jitarsa a ɗakin abokai tsira.

Ga samari kuma, kada wanda ya saki sana'ar da ke ciyar da shi saboda ya iya waƙa biyu. Kafin hannu ya kai a biya shi kuɗi ana ɗaukar shekaru, ba watanni ba, kuma cikin masu farawa kaɗan ne ke kaiwa. Mai faci ya ci gaba da facinsa, mai shayi da shayinsa, jita ta zama ta bayan an tashi aiki. Kada a saki reshe a kama ganye.

Shi dai ɗan yayata ya koma Agege. Wani kafinta a nan Kano ya like masa tsagar da gam, muryar ba ta dawo kamar da ba, amma tana koyuwa. Uwarsa ta gindaya masa sharaɗi biyu, kada ya bar shagon da yake aiki, kada kuma salla ta wuce shi saboda kiɗa. Ya ce ya ji ya karɓa. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma tsare mana zuri'a a duk inda neman abinci ya kai su.