Ba Zuba Taki Ba, Shuka Ta Ci

Kowace shekara idan damina ta yi tsaki, sai a ga manoman Ɗanzomo da na ƙauyukan Sule Tankarkar sun nufi kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko kuwa Gumel, suna neman takin zamani. Yawancinsu yuriya suke tambaya, don ita ce idan aka zuba, kafin mako guda gona ta yi kore shar, mai wucewa ya ce madalla. Amma idan kaka ta yi aka zo awo, sai a ga damman gero ba su kai yadda ganye ya yi alkawari ba, gyaɗa kuwa kwanso ya fi ƙwaya yawa. To, laifin ba na yuriya ba ne. Abin da ƙasar nan ta fi rashi shi ne ba a ba ta ba, watau sinadarin fosfat, wanda ke cikin takin da manoma ke kira supa.

Ya kamata a san yadda aka yi ƙasar ta rasa shi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta bi ta Gagarawa a 1930, gyaɗar ƙasar Gumel ta yi ta tafiya buhu buhu, ana tara ta dala dala a Kano, har fari na 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin. Kowane buhu da ya fita, da ɗan fosfat na gonar mai shi ya tafi. Bayan gyaɗa kuma sai riɗi da zoɓo suka ɗauki hanya. Gyaɗa da wake suna iya samo abincin ganye daga iska, ta wurin ƙululun nan da ke jikin saiwarsu, amma fosfat ba ya cikin iska, ba ya cikin ruwan sama. In ba a mayar da shi da hannu ba, ba ya komowa. Rumbun da kullum ake ɗiba ba a zubawa, kowa ya san ƙarshensa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun wajen 1950 ma'aikatan gona na Samaru suka gwada a gonaki da yawa na Arewa, suka tarar supa kaɗan tana ƙara gyaɗa ƙwarai. Dalili kuwa, ban da fosfat akwai farar wuta a cikinta, da kalsiyum mai taimakon kwanso ya cika. Saboda muhimmancinta ne aka kafa masana'antar yin ta a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1976.

Amma fa sayen takin dabam, shuka ta ci shi dabam. Fosfat taki ne mai wuyar sha'ani. Ko a gona mai kyau, abin da shuka ke ci a shekarar farko bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka zuba ba, kuma kowace irin ƙasa da irin hanyar da take hana shi. A jar ƙasa mai laka, ƙarfen da ke cikinta ne ke kama shi ya riƙe. A can lardin Johor na ƙasar Maleshiya kuwa, inda ake noman abarba a kan baƙar ƙasar fadama wadda asalinta ruɓaɓɓun itatuwa ne da ganyaye, abin ya juya: babu lakar da za ta riƙe shi, ga ruwan sama mai yawa, sai ruwa ya tafi da shi kafin abarba ta ci. Manomin can idan ya juye takin duka gaba ɗaya, magudanar ruwa ya ciyar. Jigawar Ɗanzomo ba ta bi ko ɗaya daga cikin biyun nan sosai ba. Ita ciwonta shi ne fosfat ɗin da ma ƙanƙane ne, kuma inda aka ajiye shi nan yake zama, ba ya bin ruwa ya je wa saiwa kamar yuriya. Idan aka watsa shi bisa ƙasa bayan noman farko, rairayin sama ya bushe, saiwa na ƙasa, taki na sama, ba su gamu ba.

Saboda haka sharaɗi biyu ne. Na farko lokaci. Shuka tun tana jaririya take bukatar fosfat, don shi ke sa saiwa ta yi nisa, ya sa amfani ya nuna da wuri. A ƙasar da damina ba ta wuce wata uku da 'yan kwanaki, geron da ya riga ya fid da kai da mako guda shi ke tsira idan ruwa ya ɗauke. Wanda ya ga geronsa ya tsugune, ganye ya yi jaja-jaja kamar an shafa masa shuni, sa'an nan ya tafi neman supa, ya makara.

Na biyu wuri. A tashar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda ƙasa jigawa ce irin ta nan, an gwada tun shekarun 1990 an ga cikin marfin kwalbar lemo na kamfa, wajen giram 6, idan aka sa a kowane rami lokacin shuka, yana ƙara gero sosai. Rami 10,000 a hekta guda, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Sai dai a kula kada takin ya taɓa iri, a bar tsakani kamar faɗin yatsa uku, a rufe da ƙasa. Mai yin binne kuwa ya fi kowa bukatar wannan hankali, don taki ba danshi yana iya ƙone tsiro. Idan da takin gida a gonar abin ya fi kyau, domin shi ke riƙe laima har saiwa ta samu ta sha.

Malaman ofis da 'yan makaranta suna da taimakon da za su yi wa iyayensu a nan, watau karanta lambar da ke jikin buhu. Lamba ta tsakiya ita ce ta fosfat. Buhun kilo 50 na 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi. Na 20-10-10 yana da kilo 5. Buhun supa yana da wajen kilo 8 zuwa 9. Buhun yuriya ba ko ƙwaya. Mai gonar gyaɗa ko wake da ya sayi yuriya ya sayi abin da shukarsa ke iya samo wa kanta, ya bar abin da ba ta iya samowa.

Wani zai ce, ai lokacin shuka ba kuɗi a hannun talaka. Gaskiya ne, ba a musu. Amma da kaka akwai, supa kuwa ba ta lalacewa idan an ajiye ta a busasshen wuri bisa katako. Wanda ya sayar da riɗi buhu biyar ya ware kuɗin supa tun ran nan, kafin biki da sauran hidimomi su cinye. Wani kuma zai ce ya sa bara bai ga wani kore ba. Aikin supa ba a ganye ake ganinsa ba, a masussuka ake gani. Abin da gyaɗa ta rage bana kuma, geron da ya biyo bayanta baɗi shi zai ci.

'Yan kasuwa su ma da nasu. Supar da ta iso Gumel a watan Agusta ba ta da amfanin bana. A kawo ta tun Afrilu ko Mayu, a sayar a mudu ga wanda bai iya buhu, kuma a ji tsoron Allah kada a gauraya ta da yashi, don manomin da aka cuta sau ɗaya ba zai sāke yarda da takin ba, shi da maƙwabtansa.

Wanda bai gamsu ba kada ya yi gardama. Ya ware kunya goma ya sa musu a rami, ya bar goma na kusa da su haka nan, ya ɗaure dammansu dabam dabam, ya kira maƙwabta su ƙirga. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba da damina mai albarka, amin.