Jiki Na Afirka, Ganga Ta Turai: Wa Ɗaliban Makarantun Rawa Ke Yi Wa Rawa?

A bakin tekun Atlantika, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar, babban birnin Senigal, akwai wani ƙauyen masunta mai suna Tubab Jalau. A nan ne wata shahararriyar 'yar rawa, Germaine Acogny, da mijinta Bajamushe, Helmut Vogt, suka kafa makarantar École des Sables, wato Makarantar Rairayi, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1998. Samari da 'yan mata kan zo daga sassan Afirka su yi makonni suna koyon abin da ake kira rawar zamani, wani darasin a kan rairayi ƙafa ba takalmi, a ƙarshe kuma su tsara raye-rayensu da kansu su nuna wa jama'a. Wanda ya ga hotunan zai rantse cewa ga Afirka nan ta tsaya da ƙafafunta. To amma ɗan rawa ba shi ne mai fage ba, makaɗi ne. Abin tambaya a nan shi ne, gangar wa waɗannan matasa suke takawa?

Amsar tana cikin tarihi. A 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC a Legas, shugaban Senigal Léopold Sédar Senghor ya haɗa kai da Bafaranshen nan Maurice Béjart suka buɗe makarantar rawa a Dakar mai suna Mudra Afrique, ƙanwar wadda Béjart ya kafa a Burasil ta ƙasar Beljiyam. Acogny aka ba shugabancinta. Shi Senghor ɗin shi ne mutumin da ya sha suka a kan ra'ayinsa na cewa shauƙi rabon baƙar fata ne, tunani kuwa rabon Turawa, shi ne kuma Faransa ta saka wa da kujera a majalisar masanan harshenta a 1983. Ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980, ba a daɗe ba makarantar ta rufe ƙofa. Wato tun ranar farko shukar ba ta da saiwa a ƙasa, ruwanta a butar mutum ɗaya yake.

Daga nan sai Faransa ta karɓi gangar da hannunta. A 1995 aka fara wata gasar tsara rawa ta matasan Afirka a Luwanda ta ƙasar Angola, ƙarƙashin shirin Afrique en Créations na gwamnatin Faransa, gasar da daga baya ta koma hannun Institut français da sunan Danse l'Afrique danse. Ladan wanda ya ci shi ne a zaga da shi ƙasashe yana nuna rawarsa. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Ɗalibin da ya zauna zai tsara rawa ba wawa ba ne. Ya san mai ba da kuɗi, ya san mai ba da biza, ya san kuma dandamalin da zai hau a babban birnin ƙasarsa sau da yawa na cibiyar al'adun Faransa ne. Saboda haka sai ya rage 'yan rawa zuwa biyu ko uku don kuɗin jirgi, ya sallami makaɗa ya sa faifai, ya cire waƙar da Bature ba zai ji ba, sannan ya nemo labarin yaƙi ko gudun hijira ko ƙunci, don ya lura wannan hajar ke tafiya a kasuwar can. Ba wanda ya rubuta masa umarni, kuma ba a bukatar a rubuta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Duba aikin da ya fi ɗaukaka sunan Makarantar Rairayi a 'yan shekarun nan. A farkon 2020 aka tara 'yan rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka 14 a Tubab Jalau, tare da haɗin gwiwar gidauniyar Pina Bausch ta Jamus da gidan rawa na Sadler's Wells da ke Landan. Annobar korona ta tsai da shirin, sai a 2021 aka fara nuna shi a Madrid ta ƙasar Sifen, daga nan aka shiga zaga manyan biranen Turai da Amurka. Me aka nuna? Rawar da Bajamushiya Pina Bausch ta tsara a 1975, a kan kiɗan da Igor Stravinsky ɗan Rasha ya fitar a Faris a 1913, labarin kuwa na maguzawan Rasha na dā ne, inda ake zaɓar budurwa ta yi ta rawa har ta mutu, hadaya ga abin bautarsu na bazara. Maza ƙirji a buɗe, mata cikin 'yan riguna shara-shara, a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne. Hukuncin irin wannan cakuɗa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Amma ko an ajiye wannan gefe, a lissafa: tsari na Jamus, kiɗa na Rasha, tikiti a Landan. Mene ne na Afirka a ciki? Jiki da gumi. Haka aka yi da gyaɗar Kaulak da dalar gyaɗar Kano: a ɗauke ta ɗanya, a matse a can, a dawo da man a sayar wa mai gona.

Masu kare wannan tsari suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa Acogny ba kwaikwayo ta yi ba, ta gina salonta ne a kan raye-rayen Afirka ta Yamma, kuma makarantar ta fitar da matasa da suka sami sana'a maimakon su faɗa kwale-kwale su halaka a teku. Gaskiya ne ɗaliban nan suna da juriya da horon da ya kamata ya ba mai kwana har hantsi kunya. Ba su ne abin zargi ba. Amma sana'ar da mabuɗinta ke aljihun wani ba 'yanci ba ce, aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wajen ƙarshen 2017, da wata gidauniya ta ƙasar Holan ta kawo ƙarshen tallafinta, sai da makarantar ta fito tana neman agaji don kada ta rufe. A 2021 birnin Banis na Italiya ya ba Acogny lambar Zinariyar Zaki. A watan Janairun 2022 shugaban Senigal na lokacin, Macky Sall, ya aza harsashin katafariyar tashar jiragen ruwa ta Ndayan a maƙwabtan makarantar, aikin kamfanin DP World na Dubai, duk da koke-koken masunta da na makarantar kanta. Tafi a Turai, katafila a gida!

Wanda kuma yake zaton kuɗin al'adu ba ruwansa da siyasa, to 2023 ta ishe shi darasi. Bayan sojoji sun karɓi mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, a watan Satumba sai gwamnatin Faransa ta aika wa gidajen wasannin da take ba kuɗi umarnin su dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso. Sai da hayaniya ta tashi a cikin Faransa kanta sannan jami'ai suka fito suna sassauta magana. Ɗan rawan Yamai ko Wagadugu da ya kwashe watanni yana tsara aikinsa bai yi juyin mulki ba, bai kori jakada ba, amma shi aka fara murɗe wa kunne. Ashe mai gangar yana iya ajiye gula duk ranar da ya ga dama, a bar ɗan rawa da ƙafa ɗaya a sama.

Babban laifin yana kan mahukuntan da suka mai da matasansu kayan marhabin da baƙi. Ba sa tuna 'yan rawa sai ranar da wani shugaba zai sauka a filin jirgi, a jera su a rana, a sallame su da kuɗin mota. Tarbiyyar saurayi, abin da zai sa a kansa da abin da zai yi da ƙarfinsa, duk an bar wa ofisoshin jakadanci. Da ɗan gari akan ci gari.

Darasin ya wuce makarantar rawa. Duk saurayin da aka kira wani horo kyauta, ko na rawa ne, ko na fim, ko na abin da ake kira shugabancin matasa, wajibi ne ya tambayi abu uku kafin ya sa hannu: wa ya biya, me yake so, kuma me zai faru ranar da ya daina biya? Ƙuruciya amana ce da za a tambayi mai ita a kan me ya ƙarar da ita, ba kuwa za a karɓi uzurin cewa wani ne ya kaɗa ba. Allah Ya ganar da matasan Afirka, Ya raba su da rawa da bazar wani.