Rumbun Bayanai: Su Suna Lissafin Riba, Mu Wa Zai Gyara Mana?

Lokacin da na yi SIWES a wani ofishi a Tambuwal, wata safiya a watan Afrilu kwamfutar da ke riƙe da bayanan shekara uku ta ƙi tashi. Faifan ajiyarta ne ya mutu. Zafi da ƙura da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa suka haɗu suka gama da shi. Oga ya dube ni ya ce, "Kai ba kwamfuta kake karanta ba?" Wallahi sai na sunkuyar da kai.

Maganin irin wannan a manyan ma'aikatu shi ne abin da ake kira SAN. Ana tara faifan ajiya masu yawa a wuri guda, a haɗa su da manyan kwamfutoci ta layi na musamman, ana ajiye bayani fiye da sau ɗaya, ta yadda in faifai guda ya mutu aiki ba ya tsayawa. To amma wace na'ura ce za ta zama shugabar wannan rumbu? An daɗe ana wannan gardama a Amurka. Wasu suka ce akwatin ajiyar kansa, inda kamfanin EMC ya yi suna. Wasu suka ce na'urar da ke raba layi a tsakiya, fagen Brocade da kuma Cisco, wanda ya shigo a 2002. IBM kuwa ya fito da wata na'ura daban a 2003 don ta riƙe ragamar.

Masu zuba jari sun bi gardamar sau da ƙafa, don sun san duk akwatin da ke ba da umarni, mai shi ne zai riƙa karɓar kuɗin lasisi da na gyara shekara da shekaru. Dell ya sayi EMC a 2016 kan dala biliyan 67. Broadcom ya sayi Brocade a 2017 kan sama da biliyan 5.

Ba na ganin laifinsu, kasuwa ce. Amma lissafinsu an yi shi ne a kan ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. A Kebbe, garinmu, tambayar farko ita ce: in ta lalace ranar Talata, wa zai taɓa ta kafin Juma'a? In sai an ɗauko injiniya daga Legas, to ni dai ban ga amfaninta ba, ko da sunan wa aka manna mata.

Na san wani zai ce a tura komai intanet a huta. Ai mun gani a Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wanda bayanansa ke can nesa, sai kallo.

Abin ya shafe mu fa, 'yan'uwa. Sakamakon jarrabawarmu ma a kan wani faifai yake kwana. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su tambayi hukumar makaranta kwafi nawa ake ajiyewa, a ina, kuma yaushe aka taɓa gwada dawo da su. Sannan a nema mana tsofaffin kwamfutoci ko uku ne da faifai shida a ɗakin gwaji. TrueNAS kyauta ake sauke shi. Mu haɗa ƙaramin rumbu da hannunmu, mu zare faifai ɗaya da gangan, mu ga ko bayanan za su tsira, tun kafin mu kare firojet.